Tambayi Kawu: Tsofaffin Motocin Wasa na Ƙarfe

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na sa hoton 'yar Landirobar wasan nan tawa ƙirar kamfanin Dinky a fitowar da ta wuce saƙonni suka yi ta zubowa kamar ruwan Agusta, ashe muna da yawa masu wannan ciwon, kowa dai ya yi gum ne don kar a ce gemai-gemai da shi yana wasa da motar yara. Na tsamo guda shida, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Kawu, ya aiki ya iyali. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa bara, to da muka zo buɗe wani tsohon akwatin ƙarfensa sai muka tarar da ƙananan motoci guda tara naɗe a tsumma, masu nauyi ne ba irin na roban yanzu ba, Inna tace a Kingsway ta Kaduna ya riƙa sayo wa Yayanmu tun ba a haife ni ba. Bakwai an rubuta Lesney da England a ƙasansu, biyu kuma Dinky. Fentin wasu ya ɗan kankare. Wani abokina yace in kai wa mai fentin mota ya fesa musu sabo su yi ƙyalli sai in sa a intanet zan samu kuɗi sosai. In kai? (Daga Tudun Wada, Zariya)

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi nan. Ɗana kar ka kai. In ka kai wallahi ka kashe motocin nan da hannunka, domin masu tara irin wannan kaya ba ƙyalli suke saye ba, fentin kamfani na asali suke nema ko da ya ƙwarzane, mota mai tabo da fentinta na ainihi ta fi wacce aka yi wa sabuwar riga daraja nesa ba kusa ba, kuma suna ganewa, mutum ɗaya zai juya ta ya kalli kan 'yan ƙusoshin da suka haɗe gangar jiki da farantin ƙasa ya ce maka an taɓa buɗe ta.

Sannan kafin ma a zo maganar sayarwa, kai da bakinka ka ce wa Yaya aka saya. To ai kayan Yaya ne, ka je ka gaishe shi ka tambaye shi tukuna, kar motar wasa ta haɗa ku rigimar gado.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke hannunka. Lesney sunan kamfanin da ya ƙirƙiro Matchbox ne a Landan, wasu abokai biyu Leslie Smith da Rodney Smith suka kafa shi a 1947, suka yanko farkon sunan wannan da ƙarshen na wancan suka haɗa. Wani injiniya mai suna Jack Odell ya shigo cikinsu, kuma labarin da ake bayarwa shi ne makarantar 'yarsa ta hana yara zuwa da abin wasan da ba zai shiga kwalin ashana ba, shi ne ya ƙera mata 'yar ƙaramar motar daɓen titi. Daga nan aka samu sunan, don Matchbox ai kwalin ashana ke nan, aka fara sayarwa a 1953. Kamfanin ya karye a 1982, wani kamfani na Hong Kong ya saye sunan aka mayar da aikin Macau, tun 1997 kuma yana hannun Mattel na Amurka. Ke nan duk wacce ka ga Lesney a cikinta ta haura shekara 40, wannan ba tantama.

In kana so ka ƙara matse shekarun, kalli taya. Na farko-farko tayarsu ma ƙarfe ce, babu gilashi babu kujeru, kwango ne kawai. Sai aka koma tayar roba mai tauri ruwan toka, sai baƙa. A 1969 suka fito da Superfast masu siririn ƙarfen taya da ke gudu fiii a kan siminti, don Hot Wheels, motocin wasan kamfanin Mattel, ta zo ta ƙwace musu kasuwa. In an rubuta Superfast a ƙasa to daga 1969 ne zuwa sama, kuma ina zaton naka yawanci irinsu ne.

Dinky kuwa ta girme su duka, ta kamfanin Meccano ce a Liverpool, na Frank Hornby, sunan ya fito a 1934, masana'antar ta rufe a 1979. Sun fi Matchbox girma da nauyi, tayarsu roba ce mai laushi da ake iya cirewa.

Maganar kuɗi kuma kar in yaudare ka. An buga waɗannan motoci miliyoyi, wacce aka yi wasa da ita kuma babu kwalinta a Ingila fam kaɗan ake sayar da ita, wani lokaci kuɗin aikawa ma ya fi kuɗin motar. Kwali shi ne rabin daraja, wani sa'in fiye da rabi, saboda shi ne abin da kowane yaro ya fara yagawa ya yar. In kana son sanin gaskiyar farashi shiga eBay, kasuwar intanet, ka rubuta sunan motar da lambarta, amma kar ka kalli abin da mai kaya ya yanka, kowa na iya yanka miliyan, nemi wajen da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar. Akwai kuma gidan gwanjon Vectis a Ingila da kayan wasa ne sana'arsu, sukan bar sakamakon cinikinsu a buɗe. Ka samu tsohon buroshin haƙori mai laushi ka kaɗe ƙurar, ka ɗan jiƙa auduga da ruwa ka goge, ka shanya a inuwa. Ban da fetur, ban da tina, ban da kananzir.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni fa naga wani bidiyo a TikTok wai akwai Hot Wheels da ake sayarwa dala dubu ɗari da wani abu, to jiya na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo an fasa dilar kayan wasa na tsinci ɗaya an rubuta 1969 a ƙasanta da Malaysia, wlh ko barci banyi ba. Nawa kake ganin zata yi? (Wani matashi daga Kurna, Kano)

AMSA: Ɗana je ka rama barcinka. Wannan shekarar da ka gani ita ce tarkon da kowa ke faɗawa, ni ma na faɗa a farko. Shekarar da ke ƙasan Hot Wheels ta ranar da aka yi rajistar zanen motar ce, ba ranar da aka ƙera wacce ke hannunka ba, suna iya ci gaba da buga zane ɗaya shekara talatin ko hamsin lambar na nan ba ta canja ba. Kuma kalmar Malaysia ita ta tona asiri, don a 1968 da 1969 a Amurka da Hong Kong kaɗai ake yin su, Malesiya sai a shekarun 1980 aka fara.

Waɗanda ake rububi su ne na 1968 zuwa 1977, masu siririn jan zobe a gefen taya, shi ya sa ake ce musu Redline. Na farkon guda 16 ne, fentinsu mai sheƙi kana hango ƙarfen ta cikinsa kamar takardar alawa. Ko jan zoben ma ka yi hattara don kamfanin ya sake buga wasu da shi daga baya don masu marmari, sai ka haɗa da ƙasar da aka rubuta.

Wacce ka gani a bidiyo kuwa na san ta, Beach Bomb ce, 'yar bas ƙirar Volkswagen ruwan hoda ta 1969 mai allunan hawa igiyar ruwa da suka leƙo ta tagar baya. Gwaji ce aka yi, aka ga ta cika siranta kuma samanta ya yi nauyi tana kifewa a kan hanyar tseren, sai aka canja ƙirar aka mayar da allunan gefe, ba a taɓa kai waccan kanti ba. Ruwan hodar guda biyu aka sani, ɗaya tana hannun wani Ba'amurke Bruce Pascal, ana kimanta ta wajen dala dubu 150. Ka ga ba irin abin da zai faɗo cikin dila ba ne. Amma ban ce ka daina leƙa dila ba fa, ni rabin kayana daga gwanjo suka fito, Kasuwar Barci a Kaduna ta sha ganina durƙushe ina tona tulin 'yartsana da bindigogin roba, mai kayan yana kallona yana cewa Alhaji jikokin nan naka sun ji daɗi. Abin da zaka iya dacewa da shi na gaske shi ne Treasure Hunt, wani rukunin Hot Wheels mai wuyar samu da suka fara a 1995, duba alamar harshen wuta a cikin da'ira a jikin motar, in kuma ka ga harafin TH da tayar roba mai laushi to ka riƙe da kyau.

TAMBAYA: Kawu ina gaishe ka daga Maraɗi. Tsohona direban Fijo 504 ne, shekara da shekaru yana jigila Maraɗi zuwa Katsina, cikinta muka girma. Ina son in samu ƙaramarta in aje a ɗaki don tunawa da shi. Wa ke yin su? Na samu wata Majorette jika biyu amma 205 ce.

AMSA: Malam ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. In da za a bi ta tawa, da duk mai son fara tara motoci a ƙasar Hausa da nan zai fara, da motocin da muka shiga muka sha ƙurarsu, 404 da 504 da Bitil da Landiroba da Marsandi, maimakon bin motocin tseren Amurka da ko a mafarki ba mu taɓa jin ƙararsu ba. 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Faransawan da kansu sun daɗe da barinta.

Kuma ku mutanen Nijar kun fi mu sa'a a nan don kayan Faransa sun fi shigo muku. Sunaye huɗu zaka riƙe. Norev, wadda 'yan gidan Véron suka kafa a 1946 kusa da Lyon, sunan ma Véron ne aka karanta daga baya, na farkonsu na roba ne daga baya suka koma ƙarfe, kuma har yau suna buga 504 sabuwa fil. Majorette ta ɗan'uwansu Emile Véron ce, ƙanana ne kamar Matchbox, tsofaffin an rubuta Made in France, na baya-baya Thailand. Sai Solido, ita ma ta Faransa. Sai Dinky ta Faransa, wadda reshe ne mai cin gashin kansa da masana'anta a Bobigny kusa da Paris, 504 ɗinsu tana da kyau ƙwarai amma da tsada.

Wajen saye kula da awo. In ka ga 1:43 ana nufin an rage motar gaske sau 43, 504 zata fito kamar santimita 10, daidai tafin hannu. 1:18 kuma kusan santimita 25, ita ce ake buɗe ƙofa da bonet har ka ga inji da sitiyari. Don ajiyar tunawa da tsoho ni 1:43 zan ce, ka nemi kalar tasa, in mai dogon baya ce irin ta haya ka rubuta break ko familiale wajen nema.

Gargaɗi ɗaya. Wani kamfani Atlas ya sake buga tsofaffin Dinky da izini, har kwalin iri ɗaya sak, a China ake yi. Ba jabu ba ne, suna da kyau, amma wasu 'yan kasuwa kan sayar da su da sunan na da. Ka ce a turo maka hoton ƙasan motar, rubutun yana nan ɓaro-ɓaro. Wanda ya ƙi turo hoton ƙasa rabu da shi.

TAMBAYA: Kawu wata tsohuwar motata ta fara tsattsagewa da kanta kamar ƙasar fadama da rani, ƙofar ta kumbura, jiya na ɗaga ta wani ɓangare ya gutsure. Ba wanda ya yar da ita. Tsatsa ce? Zata harbi sauran? (Ma'aikaci a Fatakwal)

AMSA: Ba tsatsa ba ce, kuma ba ta yaɗuwa, kwantar da hankalinka. Waɗannan motoci ba da baƙin ƙarfe ake yinsu ba, gwada da mayen ƙarfe ka gani ba zai kama gangar jikin ba. Wani haɗi ne da ake kira zamak, tutiya ce mafi yawa da ɗan alminiyom da jan ƙarfe da magnesium kaɗan, a narka a tura da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kusan dai aikin masu zubin tukwane na bakin kasuwa sai dai su da yashi suke nasu. To in dalma ta gauraya a haɗin tun a masana'anta, ko 'yar kaɗan ce, shekaru na tafiya ƙarfen na kumbura daga ciki har ya ruguje. An fi ganin haka a Dinky na kafin yaƙin duniya na biyu, amma wasu na zamani ma da aka yi ha'inci a haɗinsu suna yi. Babu magani, gam ma riƙewa kawai zai yi na ɗan lokaci. Laima tana hanzarta shi, kai kuma ga ka a Fatakwal inda ko gishiri narkewa yake a kwano. Ka daina ɗaga ta, ka sa ta a mazubi mai murfi da 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, suna shanye laima. Mu na Arewa namu abokan gaban daban ne, ƙurar hunturu da rana, rana tana cin jan fenti ta mayar da shi fari-fari, zafin Afrilu kuma yana sa tayar roba ta yi danƙo ta manne da katako, don haka kabad mai gilashi nesa da taga.

TAMBAYA: Kawu don Allah ka yi min alƙalanci. Maigidana mutum ne mai shekara 46 da 'ya'ya biyar amma duk wata sai ya sayo motar wasa ya jera a kabad ya kulle, yaran suna kuka ya hana su taɓawa, ni kuma kunya nake ji in baƙi suka shigo falo. Ranar nan autanmu ya ɗauki ɗaya ya sa a baki ya yi ta faɗa kamar an ci masa bashi. Wannan lafiya kuwa? (Uwargida daga Bauchi)

AMSA: Hajiya kin kawo ƙara wajen alƙalin da shi ma mai laifin ne, amma zan yi ƙoƙari. Tambaya ta farko, cefane yana tsayawa saboda mota? Kuɗin makaranta fa? In eh, to kina da gaskiya ɗari bisa ɗari kuma ki gaya masa Kawu ya ce ya ji tsoron Allah. In kuwa a'a, to ki duba mazan unguwarku, wani tattabaru ne, wani ƙwallon Turai har ya ƙi cin tuwo don an ci ƙungiyarsa, wani majalisa sai sha biyun dare, naki yana falo yana goge mota da auduga kina ganinsa.

Faɗan da ya yi kan auta kuma ina bayansa, ko da shi don motarsa ya yi. Fentin kayan wasa na da ana samun dalma a wasunsu, Amurka ma sai a 1978 ta haramta fenti mai dalma a kayan yara, kuma mu nan ba sai an gaya mana illar dalma ga yaro ba bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ga ƙananan tayoyi da ke cirewa su maƙale a wuya. Tsohuwar mota ba ta bakin yaro ba ce sam.

Amma shi ma Malam yana da laifi, ba a jera wa yaro alawa a gilashi a ce kar ya yi kuka. Ya sayo musu sababbi nasu na kansu masu arha su yi ta karo da bango, ranar Juma'a kuma bayan an sauko ya buɗe kabad ɗin ya zaunar da manyan ya ba su su riƙe a kan tabarma yana gaya musu sunan kowacce. Baƙi kuwa ki bar su, ki lura da kyau mazan cikinsu zaki ga har sun tashi tafiya idonsu na kan kabad ɗin.

TAMBAYA: Kawu mu da iyayenmu ba su da kuɗin Kingsway fa? Motar langa-langa da ta kara muka yi, su ba sa cikin lissafi? (Tsohon ɗan Gusau)

AMSA: Malam ai ni ma can na fito, Dinky ta farko da na riƙe ta ɗan wani ma'aikacin reluwe ce kuma minti biyu ya ba ni ya karɓe abarsa. Namu gwangwanin madara ne da na man gyada, a buɗe shi da dutse a miƙar, a yanka da tsohon almakashin da aka sato a ɗakin Inna, taya kuma tsohon silifas ake yankawa zagaye ko a haɗa marafan kwalba biyu baki da baki, a soka tsinken tsintsiya ko wayar keke, sai dogon karan dawa da sitiyarin waya a kai kana tafe kana tuƙi kana yin ƙarar inji da baki har da canja giya. Wani yaro a layinmu har sifirin yake sa wa tasa da robar ciki ta keke, ya ɗora mata lodin yashi ta lotsa kamar gingimari ta gaske, mu biya shi da goruba ya yi mana irinta.

Matsalar ita ce ba wanda ya ajiye, damina ɗaya tsatsa ta cinye, ta kara kuma akuya ko murhu. Bara na sa wani yaro a ƙauyenmu ya ƙera min tirela ta langa-langa, ya rubuta mata Allah Ya Kiyaye a goshi da fentin farce, tana nan a kabad a layin sama kusa da Landirobar. In akwai mai tsohuwa ta gaske da ta tsira a rumbu ko a saman soro ya turo hoto ta adireshin mujalla, gaba da gefe da kuma ƙasa, haka ma masu tambayar farashi, hoton ƙasan motar nake fara buɗewa.